Mata Hamsin a Cikin Gwangwani

A shekarata ta uku a Doha ina aikin gadi a wani bene mai hawa bakwai a Al Sadd. Aikin bai wuce zama a bayan teburi kusa da lifta ba, daga shida na safe zuwa shida na yamma, ina kallon masu shiga da masu fita, ina amsa gaisuwar wanda ya ga damar gaishe ni. A aljihun teburin akwai makullan ɗakin mita, da biro biyu, da littattafan soyayya tara da na zo da su daga Kano, waɗanda na maimaita har bangonsu ya rabu da su.

Tun ina aji biyu a sakandare nake karanta irinsu. Yayata ce take hayo su, ni kuma in riga ta gamawa kafin ta mayar. A cikinsu na koyi cewa babu abin da mace take sawa a banza. Idan aka ce jarumar ta fito da shuɗin mayafi, to akwai wanda zai yi kuka kafin babi na biyar. Idan aka ce ta cire ɗankunne ta ajiye a kan madubi, aure ya mutu ke nan, ko da marubuciyar ba ta faɗa ba tukuna. Da wannan ilimin na shiga duniya, kuma har na kai shekara talatin ban gamu da wanda ya zauna ya ƙaryata shi ba.

A lokacin akwai wadda nake nema a Fagge, malama ce a wata makarantar firamare. Manya sun kai gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Mahaifinta tsohon hedimasta ne, kuma ya ce ba zai sa rana ba sai ya gama bincike. Binciken mutumin da ke ƙasar waje yana da wuya. Maƙwabtanmu sun ba da shaida mai kyau, amma shaidarsu ta tsaya ne a ranar da na hau jirgi. Abin da na zama bayan nan, babu wanda ya sani a unguwa. Haka maganar ta tsaya wata huɗu, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

A hawa na huɗu akwai wani tsohon Bature injiniya da ya daɗe a ƙasar. Da ya yi ritaya zai koma gida gaba ɗaya, sai ya shiga rabon kayan da ba za su shiga akwati ba. Mai shara ta samu butar shayi da labule. Ni kuma ya sauko da wani ɗan gwangwani mai faɗi, fentinsa ya koɗe, ya ajiye a kan teburina.

"Kullum ina ganin ka da littafi," in ji shi. "Ga wannan. Na mahaifina ne."

Na buɗe. Katuna ne ƙanana, ba su kai katin shaidata faɗi ba, an jera su a tsaye kamar biskit. Kowane da hoton mace, da lamba a gefe, daga ɗaya zuwa hamsin. Ya ce 'yan fim ne na zamanin da mahaifinsa yake saurayi, a cikin kwalin taba ake samun su, ɗaya a kowane kwali.

"Me ya haɗa su da taba?" na tambaye shi.

"Kwalin ba shi da ƙwari. Ana sa katin don kada karan ya karye a aljihu."

"Shi ke nan aikinsu?"

"Shi ke nan. Sauran kuma don ka sake saye."

Na yi masa godiya, amma ban yarda da shi ba. Injiniya ne, na san iyakar abin da zai gani.

Da ya tafi na baje su a kan teburi. An sa musu launi, kumatunsu duk ja iri ɗaya, kamar mutum ɗaya ne ya bi su da yatsa. Ta lamba bakwai tana da sarƙar lu'ulu'u zagaye uku, ta kama ƙarshenta da yatsu biyu tana kallon gefe. Ta goma sha biyu ta yafa gashin wata dabba a kafaɗa, ta noƙe haɓarta a ciki. Akwai mai hula da gashin jimina, akwai mai farin fure a bayan kunne, akwai wadda wata 'yar raga ta sauko daga hularta ta rufe mata ido ɗaya. Ta talatin da ɗaya ba ta sa komai a wuya ba, zobe ɗaya ne kawai a hannun da ta tallafe kumatu da shi, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. A bayan kowane kati akwai ƙananan rubutu da Turanci. Ban karanta ba, kamar yadda ban taɓa karanta shafin da ake rubuta sunan maɗaba'a a littafi ba.

Cikin sati biyu na gama fassara su. Lu'ulu'u haƙuri ne, saboda a duhun ruwa yake girma babu mai ganinsa. Gashin dabba mace ce da aka taɓa bari a cikin sanyi, ta rantse ba za a sake ba. Fure a bayan kunne, tana jiran saƙo. Ragar da ta rufe ido ɗaya, ta san wani abu a kanka amma ta yafe. Zobe ɗaya babu sarƙa, wannan ta riga ta zaɓa, ba ta neman kowa ya kalle ta. Ina zaune a sanyin esi, mutane suna wucewa da ledojin cefane, ni kuma ina tsakiyar rayuwar mata hamsin da ban san ko da muryar ɗaya daga cikinsu ba.

A Mu'aither muke kwana, mu huɗu a ɗaki. Wanda gadonsa ke ƙasan nawa wani direba ne mutumin Zariya, ya girme ni da shekara biyar, yana da mata da 'ya'ya uku a gida. Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana ya leƙo ya gan ni da katunan a kan filo.

"Ango, waɗannan fa duk sun mutu."

"Na sani."

"To wa kake kallo?"

Na nuna masa ta lamba bakwai, na yi masa bayanin lu'ulu'u da haƙuri. Ya karɓa ya juya ta, ya kai kusa da ido.

"Wannan ba haƙuri take yi ba. Wuyanta ne ya gaji. Ka ce mata ta cire ta huta."

"Kai ba ka da zurfi."

"Ina da 'ya'ya uku," in ji shi, ya koma ya kwanta.

Shi ne zai tafi hutu gida a ƙarshen watan, kuma a nan tunanin ya zo mini. Na sayi dabino kwali biyu, da turare, da carbi da farar hula na mahaifin wadda nake nema, da mayafi na mahaifiyarta. Sannan na zauna kwana huɗu a bakin aiki na rubuta mata wasiƙa shafi goma sha ɗaya. Na bi katunan da lamba, na faɗi ma'anar adon kowace, na ƙare da cewa ita ko da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ta fi su duka. Wasiƙar na sa a ambulan na liƙe, na rubuta nata ne. Gwangwanin kuwa na cusa shi a tsakanin kwalayen dabino don kada ya lotse.

Na san yadda ake karɓar saƙon mai neman aure a gidanmu da kowane gida irin namu. Ba a miƙa wa yarinya jaka a hannu. Uwa ake kai wa, a buɗe a tsakar gida, a ware na maigida a kai masa ɗakinsa, abin da aka rubuta sunan yarinya a kai shi ne nata. Na ga an yi haka a auren yayata, ni ne ma na ɗauki tiren zuwa ɗakin Baba. Amma a littattafan da na karanta, saƙo daga hannun masoyi yake tashi ya sauka a hannun masoyiya, ba ya bi ta tsakar gida. Da na rufe jakar, ta littafi na tuna.

Da direban ya kai jakar gidansu, mahaifiyarta ta ga gwangwani a cikin dabino, babu suna, ta ɗauka alewa ce, ta ɗora a kan tiren maigida tare da carbi da hula.

Kwana uku yarinyar ba ta amsa saƙona ba. A na huɗu ta kira ni ina bakin aiki, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ta saba ce mini Yaya. Ranar Malam ta ce.

"Malam, kana shan taba?"

"Ni? Ban taɓa ba."

"Baba ya karanta bayan katunan nan. An rubuta ɗaya ake sawa a kowane kwali. Ya ƙirga hamsin."

"Ai tsofaffi ne. Sun girmi Baba ma."

"Na gaya masa. Ya ce tsufansu ne ya fi damunsa, alama ce an daɗe ana yi."

Na ce ta nuna masa wasiƙar, komai yana ciki. Ina jin hayaniyar ɗalibanta a bayanta.

"Ka tuna abin da ka rubuta a shafi na biyu, a kan wuyana?"

Na tuna.

"To shi zan kai wa Baba?"

Na ce a'a. Na tambaye ta ko ta gama karantawa. Ta ce ta kai shafi na uku, tana da jarrabawar yara da za ta duba. Sannan ta faɗi abin da ta kira don shi. Baba ya ce a dakatar da maganar. Ya kira ƙanensa, Baffanta, wanda likita ne a wani asibiti a nan Doha, ya ce ya duba masa ni. Abin da Baffa ya faɗa, shi ke nan. Idan ya ce ina sha, za a mayar wa manyana da gaisuwarsu.

Sau biyu na taɓa ganin Baffan, duka a filin Idi, na durƙusa na gaishe shi ya ce Allah ya yi albarka. Ya aiko mini saƙo gajere: Juma'a bayan masallaci, gidansa a Al Wukair.

Ranar na daɗe a gaban madubi da kwalbar turare a hannu. Idan na fesa, zai ce wari nake rufewa. Idan ban fesa ba, na je gaban suruki babu ƙamshi. Haka aswaki, idan na goge baki da yawa shi ma abin zargi ne. Daga ƙarshe na ajiye duka, na sa farar shadda, na hau bas na hau jirgin ƙasa na sake hawa tasi, a tsakiyar zafin watan bakwai. Na isa ƙofar gidan ina warin gumi da kujerar mota, wanda aƙalla ba za a ce na ƙirƙira shi ba.

Shi ya buɗe mini da kansa, dogo ne mai furfura a gemu, da jallabiya ruwan toka. Ya ce in hau kujera, na zauna a kan kafet. Aka kawo shinkafa da miya da naman rago, ya ce in ci. Yana kallona ina ci, bai tambaye ni komai ba sai labarin aiki da ko kafil, wato ubangidan da ya kawo mu aiki, yana ba mu hutu a kan lokaci. Da aka kwashe kwanuka ya wanke hannu, ya ɗauko wata 'yar jaka.

"Kawo hannunka, samari."

Ya juya yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya duba tsakanin manuniya da ta tsakiya, ya shinshina. Ya ce in buɗe baki, ya haska dasashina da fitilar waya. Ya ja leɓena na ƙasa ya sake shi.

"Ka ga matakalar can? Hau ka sauko sau huɗu. Yalla, maza."

Na hau na sauko sau huɗu da shaddata. A hawa na uku na hangi matarsa ta leƙo daga kicin ta koma. Da na dawo ya sa mini abin sauraron ƙirji a baya, ya ce in ja numfashi, in riƙe, in sake. Ya naɗe abinsa ya mayar jaka.

"Ba ka sha."

"Ba na sha, Baffa."

"Shisha?"

"Ko ita."

Ya ɗauko wayarsa, ya nuno mini hotunan da yayansa ya turo. Bayan katunan ne kawai, an jera su a kan tabarma. Fuskar ko ɗaya ba a ɗauka ba. Na ba shi labarin Baturen hawa na huɗu da gwangwanin mahaifinsa. Na buɗe tawa wayar na nuna masa gabansu, don duk na ɗauke su kafin in aika. Ya sa tabarau, ya tsaya a kan ta lamba bakwai.

"Wannan sarƙar me take nufi, a naka karatun?"

Na ce haƙuri. Na yi bayanin duhun ruwa. Ina cikin yi na ji muryata ta canja ta koma irin ta karatun littafi, na kasa tsayar da ita.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ba mamaki ma ba tata ba ce. A ɗakin ɗaukar hoto ake ara musu, a gama a cire a sa wa ta gaba. Ka san wa aka yi wa wannan adon? Wani mutum ne ya tashi daga aiki, ƙafafunsa suna ciwo, babu abu ɗaya a jikin matar nan da zai iya saya har ya mutu. Amma yana iya sayen kwalin. Ya buɗe, ya gan ta, na minti biyar ya zama irin mutumin da take kallo. Gobe ya sake saye ko zai samu mai gashin jimina. Ka duba allunan tallan turare a hanyar da ka biyo. Zinare ya cika allon, kwalbar tana can ƙasa a lungu."

Mutumin da ya kwatanta na san shi, yana zama a bayan teburi kusa da lifta, bambancinsu kawai shi bai sayi kwalin ba.

Baffa ya cire tabarau. "Zan gaya wa Yaya ba ka sha. Amma na san shi. Zai ce to me ya sa mai hankali zai aiko wa 'yarsa hoton mata hamsin, rabinsu kafaɗa a waje. Wannan ba ya fitowa a abin sauraron ƙirji. Me zan ce masa?"

A gaban suruki ba a maganar so. Ko sunan yarinyar ba a kamawa. Na kalli zanen kafet, wani reshe ne da ke nannaɗe da wani reshen, na bi shi da ido har gefe. Na ga idan na yi shiru, kunyata za ta cika, auren kuma ya tafi.

"Baffa, ba ni da irin waɗannan abubuwan da zan aika mata. Awa goma sha biyu nake zaune ni kaɗai. Duk abin da na gani mai kyau, ita nake tunawa. Na so ta san haka ne kawai. Ban san wata hanyar faɗa ba sai wadda na karanta."

Esi yana ta hurawa, gumin bayana ya yi sanyi. Sannan Baffa ya kira yayansa a waya, ya sa ta a lasifika, ya ajiye a kan kujera tsakaninmu, ya yi mini alama da hannu in yi shiru.

Suka gaisa, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, suka yi maganar ruwan sama a Kano da ciwon gwiwar wata gwaggonsu. Ina zaune. Sai mahaifinta ya ce, "To, yaron nan fa?"

"Na duba shi, Yaya. Ƙirjinsa ya fi nawa. Bai taɓa sha ba. Katunan wani tsoho ne ya ba shi, sun girme ka."

"To me ya kai shi?"

"Karatu ne. Littattafan nan da yara mata suke ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Ya karanta da yawa."

Na ji ƙarar kofin shayi a kan faranti.

"Namiji?"

"Namiji."

"Na ƙwace irinsu sun fi buhu a makaranta, ban taɓa samu a jakar namiji ba." Ya yi tari. "Ana warkewa?"

"Yawanci bayan aure yana sauƙi."

"Yana salla dai?"

"Daga masallaci ya zo. Kuma Yaya, yana son ta. Ya faɗa da bakinsa a gabana, ya kusa nutsewa a kafet."

"Wannan ba ni na tambaya ba," in ji mahaifinta. "Ka ce manyansa su zo bayan Salla. Gwangwanin yana wurina, kuma a wurina zai zauna. Nan gaba in zai aiko da saƙo, dabinon ya isa."

Da suka yi sallama Baffa ya kashe wayar, ya dube ni, ya ce, "Halas, an gama. Tashi ka hau kujera, ƙafarka ta yi tsami."

Na ce nan ma ya yi. Ya ce umarni ne, na hau na zauna a bakinta. Matarsa ta aiko da shayi da cincin, muka sha, ya tambaye ni ko ginin da nake gadi yana da wurin ajiye mota, don wani abokin aikinsa yana neman gida a Al Sadd. Na ce akwai, amma ƙofar shiga tana da ƙunci, manyan motoci suna gogar bango.

An sa rana wata biyu bayan Babbar Salla. Na nemi hutun wata ɗaya a wurin aiki, suka ba ni kwana ashirin da ɗaya.